Wa Ke Da Gidan? Tambayar Da Ɗakunan Kwanan Jami'o'inmu Suka Kasa Amsawa

Duk wanda ya taɓa kwana a Illela daren Asabar ya san yadda garin ke cika kafin kasuwar Lahadi. Masu shanu da raƙuma da tumaki suna shigowa ta Ƙwanni, wasu daga Tawa, wasu daga can arewa da ita, masu saye kuma suna tahowa daga kudancin Najeriya da manyan motoci. A cikin wannan taro da wuya ka ga baƙon da bai san inda zai sauka ba. Kowane falke yana da fatomansa. Fatoma yana ba shi wurin shimfiɗa, amma wannan shi ne mafi ƙanƙantar aikinsa. Shi ne mai ciyar da shi, mai ajiye masa kuɗi, mai haɗa shi da dillali, mai tsaya masa in an ci bashi, mai zuwa wurin hukuma in an kama shi. Idan baƙo ya yi ba daidai ba, fatomansa ake nema.

Na tuna da wannan ne ranar da muka raka ɗan yayata tashar mota, zai tafi jami'a shekararsa ta farko. Mahaifiyarsa ba ta yi boko mai zurfi ba, amma ta girma a garin da karɓar baƙo sana'a ce. Ta tambaye ni a ina zai sauka. Na ce mata akwai ɗakunan kwanan ɗalibai, in Allah ya sa ya samu gado. Sai ta ce, "To, wa ke da gidan?" Na ce, "Yaya, na makaranta ne." Ta ce, "Na ji. Amma in ya kwanta rashin lafiya da dare, ƙofar wa za a buga?"

Na yi shekaru huɗu a irin wannan ɗakin kwana, na kuma yi shekaru ina aikin jarida, amma ban iya ba ta amsa ba. Ra'ayina a wannan rubutu shi ne, tambayarta ita ce ainihin matsalar zaman ɗalibai a jami'o'inmu, kuma ta fi ƙarancin gadaje muhimmanci, ko da yake ƙarancin gadajen ne kowa ke magana a kai.

Yadda aka tsara abin tun farko

Waɗanda suka kafa jami'o'in farko a Afirka ta Yamma sun san amsar tambayar Yaya, sun kuma rubuta ta. A 1945 kwamitin Asquith, wanda gwamnatin Ingila ta kafa don duba ilimi mai zurfi a ƙasashen da take mulka, ya ba da shawarar cewa jami'o'in da za a buɗe su kasance na kwana, ɗalibai su zauna a ciki gaba ɗaya. Samfurin da ke cikin ransu shi ne na Oxford da Cambridge. A can, ɗalibi ba ɗan jami'a ne kawai ba, ɗan wani gida ne a cikin jami'ar, wanda suke kira kwaleji. Gidan yana da shugaba, yana da malaman da ke cikinsa, yana da ɗakin cin abinci da ɗakin karatu da ƙungiyoyin wasanni, ɗalibansa kuma suna da majalisarsu da suke zaɓa. Mai karatun likita da mai karatun tarihi suna cin abinci a teburi ɗaya. Tsarin ya burge Amurkawa har wani attajiri, Edward Harkness, ya zuba dukiya aka gina wa Harvard da Yale irin waɗannan gidaje a farkon shekarun 1930.

Kwalejin Jami'a ta Ibadan, da aka buɗe a 1948, a kan wannan tunani aka gina ta. Gidajen kwananta suna da sunaye da tarihi: Mellanby, Tedder, Kuti, Sarauniya Elizabeth, da kuma wanda ya shafe mu kai tsaye, gidan Sultan Bello, mai ɗauke da sunan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Kowane gida da shugabansa daga cikin manyan malamai, da shugabannin ɗalibai. Da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya a 1962, aka bi sahu. Duk wanda ya yi Samaru ya san Amina da Ribadu da Suleiman da Akenzua da Danfodiyo da Alexander, wanda aka sa wa sunan shugaban jami'ar na farko. Har yau tsofaffin ɗaliban wancan zamani in sun haɗu, sukan tambayi juna gidan da suka zauna kafin su tambayi fannin da suka karanta.

Kada a ɗauka wannan baƙon tunani ne da Turawa suka zo da shi. Masallacin Azhar a Alƙahira ya daɗe da tsarin da ake kira riwaƙi: ɗaliban kowace nahiya suna da ɓangarensu, da shehinsu, da rabon burodin da ake ba su daga wakafi. Tun ƙarni na 13 mutanen Kanem suke da masauki na kansu a Alƙahira domin ɗalibansu da mahajjatansu. A gida kuma, almajirin da ya je neman ilimi wurin wani malami, zauren malamin ne gidansa. Akwai gardi mai kula da ƙanana, akwai wanda ake kai wa ƙara. Ko'ina aka duba, abu uku ne ke mayar da wurin kwana ya zama gida: babban da ke da alhakin mutanen ciki, abincin da ake ci tare, da kuma hannun mazauna a cikin tafiyar da wurin.

Abincin da ya tafi da gidan

Abin da ya fara rushewa shi ne na tsakiya, kuma tarihin gwagwarmayar ɗaliban Najeriya kusan tarihin ɗakin cin abinci ne. Kunle Adepeju, ɗalibin da harsashin 'yan sanda ya kashe a Ibadan ranar 1 ga Fabrairun 1971, ya mutu ne a zanga-zangar da ta samo asali daga ƙorafin abinci a gidan Nnamdi Azikiwe. A Afrilun 1978 aka ƙara kwabo 50 a kan kuɗin abincin yini, daga naira ɗaya da kwabo 50 zuwa naira biyu. Wannan ƙari ne ya haifi boren da aka sani da neman tsige Kanar Ahmadu Ali, kwamishinan ilimi na tarayya a lokacin. An kashe ɗalibai a Legas da Zariya, gwamnatin Obasanjo ta haramta ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa. A 1984 gwamnatin soja ta janye tallafin ciyar da ɗalibai, aka bar kowa da tukunyarsa.

Ana yawan ba da wannan labari a matsayin labarin kuɗi, kuma gaskiya ne kuɗin man fetur ya ja baya a lokacin, yawan ɗalibai kuma yana ta hauhawa. Amma abin da aka rasa ya wuce farantin shinkafa. Ɗakin cin abinci shi ne wuri ɗaya tilo da ɗan Illela da ɗan Idoma da ɗan Ogbomosho suke zama dole sau uku a rana. Da aka rufe shi, kowa ya koma girki da risho a lungun ɗaki, kuma mutum da wa zai haɗa tukunya in ba da ɗan garinsu ba?

Sai kuma 1986. A watan Mayu na shekarar, rikici ya ɓarke a Samaru bayan da hukumar jami'a ta hukunta shugabannin ɗalibai saboda jerin gwanon tunawa da waɗanda aka kashe a 1978, wanda ya ratsa ta gidan Amina na mata. Ranar 23 ga wata 'yan sanda suka shiga, aka rasa rayuka. Daga wannan zamani hukumomin jami'o'i da yawa suka koyi darasi ɗaya, wanda a ganina kuskure ne: duk inda ɗalibai suka taru da shugabanci nasu, fitina ce ke tafe. Sai aka riƙa kallon gidan kwana a matsayin wurin da za a sa wa ido. Aka bar sunayen a jikin bango, aka cire ikon.

Jami'ar da ta fi kusa da mu ta zo ne daidai lokacin da wannan tsari ke gab da karyewa. An kafa Jami'ar Sakkwato a 1975, ta fara karatu a 1977, shekara guda kafin boren kwabo 50, aka kuma sauya mata suna zuwa Usmanu Danfodiyo a 1988. Mazauninta na dindindin yana wajen gari, ta wajen Dundaye, a hayin gulbin Rima. Waɗanda suka ga ambaliyar 2010, lokacin da ruwa ya yanke hanyar shiga jami'ar, sun san yadda wurin ke iya zama tsibiri. Jami'ar da ke nesa da gari haka ta fi kowace buƙatar rayuwa ta cikin gida, domin ɗalibin da ya gama lacca da yamma ba shi da wani gari da zai shiga sai wanda ya tarar a harabar.

Fatoman da ɗalibai suka yi wa kansu

A jami'ar da na yi, wadda ba zan ambaci sunanta ba, ana samun gado ne ta rububi. Ranar da aka buɗe shafin intanet, mai sa'a da mai hanya su samu, saura su nemi wanda zai sayar musu da nasa a ɓoye ko su raɓa. Ɗakin da aka yi wa mutum huɗu mu takwas muke kwana. A shekaru huɗu na zauna a gine-gine uku daban-daban, kuma ban taɓa ganin malamin da aka ce shi ne mai kula da ginin ba sai a takardar gargaɗi da aka manna a ƙofa. Akwai wanda muke kira gwamnan gida, ɗalibi ne kamarmu, amma aikinsa bai wuce kai ƙorafin famfo da karɓo alƙawari ba. Wa zai ɓata lokacinsa ya gyara wurin da ya san baɗi ba nan zai kwana ba?

Amma ɗalibai ba su zauna haka nan ba. Sun yi wa kansu fatoma, shi ne ƙungiyar 'yan gari ɗaya. Kusan kowace ƙaramar hukuma tana da ƙungiyar ɗalibanta. Su ne ke tarbar sabon shiga a tasha, su nuna masa ofishin rajista, su samo masa katifa, su yi karo-karo in ya kwanta asibiti, su bi masa kuɗin tallafin karatu na jiha. Ɗan yayata lambar wayar wani ɗan unguwarsu aka ba shi, kuma a ɗakinsa ya yi watanni biyu na farko. Ba na raina wannan aiki. Da babu shi, da yara da yawa daga ƙauyukan Illela da Gada da Gwadabawa sun koma gida tun makon farko.

Sai dai yana da tsada da ba a gani. Yaron da ya sauka hannun 'yan garinsu, ya ci da su, ya kwana da su, ya yi karatun jarrabawa da su, yakan gama digiri bai yi aboki ko ɗaya da ba ya jin Hausa ba. Abin mamaki, mahaifinsa da bai je jami'a ba ya fi shi cuɗanya da duniya, domin a kasuwar Lahadi yana ciniki da Buzu da Bayarabe da Inyamuri, yana lissafi da naira da sefa. Mun tura yaro wurin da ake tara mutanen ƙasa baki ɗaya, ya dawo da ƙaramar duniya fiye da wadda ya bari a bakin iyaka. Sannan su waɗannan ƙungiyoyi, da yake ba su da wata hanyar kuɗi, sukan ƙare a ƙofar ɗan siyasa, a ba shi lambar yabo ya ba da na shan ruwa. Siyasar da yaro ya fara koya ke nan.

Akwai kuma wanda ba shi da 'yan gari. Ɗalibin da ya tsallako daga Ƙwanni ko Tawa, wanda ya yi sakandare da Faransanci, yana fama da Turanci, ga shi in an rufe iyaka, kamar yadda aka yi daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka kuma sake yi bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, kuɗi da guzuri daga gida sukan yi wahalar isowa. Shi wa ke da alhakinsa?

Mafi muni shi ne halin waɗanda ba su samu gado ba sam, suka kama haya a ƙauyukan da ke kewaye da makaranta. A Satumban 2023 'yan bindiga suka shiga Sabon Gida, kusa da Jami'ar Tarayya ta Gusau, suka kwashe ɗalibai, akasarinsu mata, daga gidajen haya. Makonni kaɗan bayan haka aka sace ɗalibai mata biyar na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, su ma daga gidan da suke haya a wajen makaranta. Babu tsarin gidajen kwana da zai tare harsashi. Amma a irin wannan dare, tambaya ta farko ita ce su wa da wa ke kwana a gidan, kuma ya kamata a ce akwai wani ofishi a cikin jami'a da ke da amsar a rubuce kafin gari ya waye.

Raba zama ɗan gida da mallakar gado

Abin da nake ba da shawara ba ya buƙatar a jira sabon gini. A raba abu biyu da muka cakuɗa: samun gado, da zama ɗan gida. Ranar da ɗalibi ya yi rajista, a sa shi a wani gida, ya kasance ɗan wannan gida har ya gama, ko yana kwana a ciki, ko yana haya a Dundaye, ko yana zuwa daga gidan iyayensa a cikin gari. A Jami'ar Gana da ke Legon haka ake yi: ɗalibin da ba ya kwana a harabar ma yana da gidan da aka jingina shi da shi, Akuafo ko Volta ko Legon ko wani, gidan kuma yana da malamai masu kula da ɗalibai da majalisar ɗaliban da ake zaɓa. Jami'ar gwamnati ce a ƙasar da ba ta fi mu arziki ba.

Rabon kuma a yi shi da gangan, a gauraya jihohi da fannoni da addinai, kada a bar wa sa'a ko sanayya. Kowane gida ya samu malami babba da aka rage wa nauyin koyarwa domin wannan aiki, da wasu ƙananan malamai da kowannensu ke da jerin sunayen ɗaliban da ke wuyansa, da lambobin wayarsu, da inda suke kwana. Wannan shi ne mai ƙofar da za a buga da dare.

Sashen da na san zai fi yi wa hukumomi ɗaci shi ne na kuɗi. Wani kaso na kuɗin gadon da ɗalibai ke biya ya tsaya a asusun gidan, majalisar ɗaliban gidan ta yanke yadda za a kashe shi, malamin gida ya sa hannu, a manna lissafin a allo kowane zangon karatu. Shugabancin da ba ya riƙe da ko kwabo wasan yara ne, kuma ɗalibai sun san haka, shi ya sa nagari ba sa tsayawa takara. Yaron da ya taɓa tsayawa gaban mutum ɗari uku yana bayanin inda kuɗin gyaran rijiyar burtsatse ya shiga ya koyi abin da babu laccar da za ta koya masa. Muna kukan shugabannin ƙananan hukumomi ba su san bayar da bahasi ba, alhali mun rufe wurin da ya kamata su fara koyo.

Abinci kuwa, ba na mafarkin dawowar tikitin 1978. Amma tukunya ɗaya a mako ba ta fi ƙarfin gida ba. Ɗalibai sun riga sun saba da buɗa-baki na taro a watan azumi, kuma babu wanda ya taɓa cewa ya gagara.

Na san abin da za a ce, kuma maganar tana da nauyi. Za a ce ɗalibi in ya samu iko yakan zama azzalumi. Ba sai an je nesa ba. A Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, ƙungiyar ɗalibai tana da ƙarfin da takwarorinta na Najeriya suka daɗe da rasawa. Ɗalibai ne suka fito ranar 9 ga Fabrairun 1990 a gadar Kennedy, aka kashe uku daga cikinsu, kuma wannan rana tana cikin abubuwan da suka buɗe ƙofar dimokuraɗiyya a Nijar. Amma ita wannan ƙungiya tana da wani reshe mai kula da walwala da tsaro a harabar, wanda ake kira CASO, da aka daɗe ana zargi da cin zali, har a 2018 malaman jami'ar suka shiga yajin aiki suna neman a rusa shi bayan an ci zarafin ɗaya daga cikinsu. A Legon ɗin ma da na yaba, faɗa tsakanin 'yan gidan Commonwealth da na Mensah Sarbah ya yi tsanani a 2022 har hukuma ta sauya tsarin zama a gidajen biyu. Son gida yana iya rikiɗa ya zama ƙabilanci sabo. Mu kuma muna da namu ciwon na ƙungiyoyin asiri.

Na yarda da duk wannan. Abin da na lura da shi kawai shi ne, a inda abin ya ɓaci, ɗalibai sun riƙe iko ne babu babba a kusa, ko kuma iko na ƙarfi aka bar musu maimakon na hidima. Hukunci da tsaro aikin hukuma ne, kada a ba ɗalibi sanda. Ruwa da wuta da tsafta da wasanni da tarbar sababbi da lissafin kuɗi, waɗannan nasu ne. Mu kuma da muka kwace komai, mun samu zaman lafiya? Ƙungiyar asiri tana samun yaro ne a makon da ya iso bai san kowa ba, ta yi masa tayin abin da makaranta ba ta yi masa ba: wanda zai tsaya masa.

Za a kuma ce malamai ba za su yarda ba, mutumin da albashinsa bai kai shi ƙarshen wata ba, wanda ya yi wata takwas yana yajin aiki a 2022, ba za a ɗora masa renon 'ya'yan wasu ba. Wannan ita ce hujjar da ta fi ƙarfi, kuma ba ni da amsar da ta wuce a biya aikin, a kuma lissafa shi a ƙarin girma kamar yadda ake lissafa maƙala. Asusun TETFund yana gina azuzuwa da ɗakunan taro a kusan kowace jami'ar gwamnati. Alawus ɗin malaman gida na shekara guda ba zai kai kuɗin katangar gini ɗaya ba. Tsofaffin ɗalibai ma sun fi saurin buɗe aljihu ga gidan da suka zauna fiye da ga jami'a gaba ɗayanta, in dai akwai gidan da za su ce nasu ne.

Ɗan yayata ya dawo hutun ƙarshen shekara. Ya samu gado a zango na biyu, ya saya a hannun wani ɗan ajin ƙarshe. Na tambaye shi sunan malamin da ke kula da gininsu, ya ce bai san akwai ba. Na tambaye shi su wa ke ɗakinsu, ya lissafa mini mutum bakwai: biyar 'yan Illela, ɗaya ɗan Gada, ɗaya ɗan Gwadabawa. Baɗi kuma sai an sake rububi.